Akori-kurar Baba da yaron da na ce zai ƙare a garaji

Tun 2001 da Allah ya yi wa mahaifinmu rasuwa ba wanda ya sake tada motarsa. Aka tura ta bayan gidanmu a Dogon Dutsi, aka ɗora ta bisa duwatsu a ƙarƙashin dogon yaro, aka bar ta da rana da ruwa. Peugeot 404 ce mai buɗaɗɗen baya, wadda wasu ke ce wa bashe, wasu akori-kura. Da ita Baba ya ciyar da mu: hatsi da wake daga Gesheme da Tibiri zuwa Dutsi, fasinja da tumaki zuwa Matankari, duk cikin rairayin Dallol Mauri. Bayan rasuwarsa kaji suka yi ƙwai a ƙarƙashin kujerarta, Inna kuma ta mai da bayanta ma'ajiyar tsofaffin ƙorai da tabarmi. Masu sayen tsohon ƙarfe sun zo ya fi sau biyar. Amsar Inna ɗaya ce kullum: sai bayan ranta.

Ina da ɗan fari, ba zan kama sunansa ba. A ƙarshen shekarar karatu ta 2023 ya zo gida da maki 7 cikin 20, a ajin da ya riga ya maimaita, aka sallame shi daga koleji. Ni kuwa shekara ashirin da 'yan kai ina riƙe da alli. Duk malamin da ya taɓa karɓar irin takardar nan da sunan ɗansa a kai ya san abin da nake nufi. Abokan aiki ba sa cewa komai, gaisuwarsu ce kawai ke ƙara tsawo. Daren nan na faɗa masa maganganun da har yau nake jin kunyarsu, na rufe da wadda muka saba yi wa 'yan aji barazana da ita: "Kai dai a garaji za ka ƙare."

Bayan kamar sati biyu ba ma magana sai gaisuwa, ya zo da dare da wayar abokinsa ya tsuguna gefen tabarmata. Bidiyo ne na wani Ba'amurke da ya jawo Ford Mustang ta shekarun 1960 daga cikin wata rumfa, tsatsa ta cinye ta, ya kwance ta ƙusa bayan ƙusa har ta koma tana ƙyalli. Yaron ya ce, "Baba, ai mu ma muna da irinta a bayan gida."

Na yi dariya. Na ce masa wancan mutumin nishaɗi yake yi da rarar kuɗinsa. A Amurka gyaran tsohuwar mota abin sha'awa ne kamar yadda wani a nan ke kiwon tantabara ko doki. Mustang ta fara fitowa a 1964, amma har gobe akwai kamfanonin da ke ƙera mata sababbin kayan gyara, mutum ya zauna a ɗakinsa ya saya ta intanet a kawo masa ƙofar gida. Mu nan mota aiki take yi har ta mutu, in ta mutu a cire abin cirewa a sa wa 'yar'uwarta. In ma akwai waɗanda muka yi kama da su to mutanen Kuba ne, da suke ta lallaɓa Chevrolet da Ford na shekarun 1950 tun da takunkumin Amurka ya hana su sababbi da kayan gyara, suna dasa musu injin duk motar da suka samu. Su dole ce ta sa su.

Duk da haka na yarda, kuma ba don kyakkyawar niyya ba. Na lissafa cewa aikin zai raba shi da zaman fada da shan shayi har tsakar dare, sannan in ya sha baƙin mai da zafin ƙarfe na wata biyu, da ƙafarsa zai zo ya roƙe ni in nema masa makarantar kuɗi.

Akwai wani tsohon makanike kusa da tasha wanda a kan irin waɗannan motoci ya yi aparanti, kuma ya san Baba. Ya zo ya zagaya ta sau biyu, ya buɗe gaba, ya kori ƙadangaru, ya ce, "Mushe, injin ya kama, amma ban ga inda ya fashe ba. In yaron na da haƙuri a gwada." Ya cire buji huɗun, ya tsiyaya gazuwal a kowane rami, ya ba yaron dogon ƙarfe ya ce kullum da safe ya gwada juya injin a hankali, kada ya sa ƙarfi. Kwana goma sha takwas ba abin da ya motsa. Yaron da ba ya iya zama minti goma a kan littafi bai tsallake safiya ɗaya ba. Rana ta goma sha tara na ji ihu daga bayan gida, na fito da gudu ina tsammanin maciji ne.

Daga nan aka sauke injin aka kai garaji a amalanken jaki. Injin 404 a kishingiɗe yake zuwa gefe guda, kuma bututun da fistan ke hawa da sauka a ciki ana iya zare su a sa wasu, shi ya sa makanikanmu suka daɗe suna son sa. Tsohon ya fito da wani littafin gyara na Faransanci daga akwatinsa, bangonsa ya tafi, mai ya jiƙa rabin shafukan. Shi kansa zane kawai yake dubawa a ciki. Ya miƙa wa yaron ya ce, "Kai da ka yi lakwal, karanta mana." Sai ga ɗana yana bin layi da yatsa yana haɗa Faransancin da malamai huɗu suka ce ba ya iyawa. Yana tuntuɓe, yana komawa baya, amma ba ya ajiye littafin, don in bai gane ba ba a ɗaure ƙusar.

Wata rana da yamma ya same ni da tambaya. Littafin ya ce faɗin ramin fistan milimita 84 ne, tafiyarsa daga sama zuwa ƙasa milimita 73, girman injin kuma 1618. Ta yaya waɗannan biyun suka haifi wancan? Na ce masa ya raba 84 biyu, ya ninka abin da ya samu da kansa, ya ninka da 3,14, sannan da 73. Ya duƙa ya yi lissafin da tsinke a ƙasa. Ya samu 404 da ɗan kai a kowane rami, ya ninka huɗu, 1618 ta fito ko kusa da ita ƙwarai. Ya ɗago yana dariya, wai ashe daga nan motar ta samo sunanta. Na ce masa a'a, dacewa ce kawai, Peugeot ta saba sa wa motocinta lamba uku da sifili a tsakiya. Abin da ban faɗa masa ba shi ne wannan lissafin ne dai, na girman silinda, ya ci sifili a kansa a jarrabawa. Na ga takardar da idona.

Malaman firamare za su gane wannan na biyun. Kowace shekara rabin aji suna rantsuwa 0,25 ya fi 0,4 girma, tunda 25 ya fi 4. Na yi zane a allo, na yanka takarda, na kawo kwabbai, wasu su gane yau su manta gobe. A garaji akwai wasu siraran ƙarafa da ake auna tazara da su, kowane da lambarsa a jiki. Tazarar bawul ɗin da ke shigar da mai 0,10 ce, ta mai fitar da hayaƙi 0,25, ta bakin abin da ke yanke wuta zuwa buji 0,40. Yaron ya riƙe ƙarafan nan tsakanin yatsunsa, ya ji wanda ya fi kauri. Ban ƙara jin ya rikita su ba. Daga baya na ari ƙarafan na kai ajina, kuma ina ba duk mai koyar da lissafi shawara ya gwada.

Kada in sa ku ɗauka abin duk daɗi ne. Mun fara aikin ke nan aka yi juyin mulkin ƙarshen Yulin 2023, aka rufe iyaka da Najeriya. Kayan Peugeot kuwa can suka fi yawa, tunda tun 1975 ake haɗa motocinta a Kaduna, kuma da ta Birnin Ƙonni ake kawo su daga kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano. Zoben fistan da juwan na kan inji sai da muka jira wata uku, suka zo da kuɗi ninki biyu. Wasu abubuwan wani ɗan'uwa ya tono mana a Katako a Yamai. Gilashin gaba da fitila ɗaya daga gawar wata 404 muka ciro su a wani ƙauye bayan Matankari, bayan ciniki na yini guda da magada bakwai. Tankin mai ya ruɓe, robobin birki sun zama gari, wayoyin wuta ɓeraye sun gama da su. Na sayar da ragon da nake turke don layya. Uwargida ta tare ni wata safiya ta ce, "Malam, ka lissafa mini buhun hatsi nawa ke kwance cikin motar nan?" Na lissafa a zuci na yi shiru. Kafin a gama, abin ya haura jika ɗari shida, kuma har yau ban ce ba ta da gaskiya ba. Gidan da ke da yara biyar da albashi ɗaya bai kamata ya yi wasan Amurkawa ba.

An kuma yi gardama kan irin motar da muke son fitarwa. Tsohon makanike ya ce a jefar da injin a dasa na Toyota a huta, haka kowa ke yi. Yaron ya ƙi, ya ce in an yi haka ba motar kakansa ba ce kuma. Amma shi ɗin ne ya nace a cire tsohon dinamo a sa irin na zamani mai cika batir ko mota na tsaye tana aiki, a sa fitilu masu haske, a kafa wurin cajin waya a gaban direba. Fenti ya so ja da farin layi biyu kamar ta bidiyon. Inna ta ce fara mijinta ya bar ta, fara za ta koma. Aka daidaita a kan fara da siririn jan layi ɗaya a kowane gefe, aka kuma sake rubuta abin da Baba ya sa a bayanta da can, "Sai Haƙuri".

Wata biyun da na yanka masa sun wuce, bai zo roƙon makarantar kuɗi ba. Ni na fara zuwa garajin bayan an tashi daga aji, in zauna kan tsohuwar taya ina kallo.

A nan ne nake son magana da 'yan'uwana malamai da iyaye. Gwamnati ta buɗe cibiyoyin koyon sana'a a ƙananan hukumomi, akwai kuma kolejojin fasaha. Wa muke turawa can? Wanda ya faɗi. Kuma da irin muryar da muke faɗa masa, yaro ya san hukunci aka yanke masa. Shekara ashirin ina nuna wa 'yan aji garaji a matsayin ramin da malalaci ke faɗawa, alhali albashina na farko da na saya babur da shi, makaniken da bai gama firamare ba ne ke hana shi mutuwa a hanyar ƙauyen da aka tura ni. Ban ce kowane yaron da ya kasa a aji gwanin inji ne ba. Wani ya kasa ne don yunwa, wani don aji mai yara tamanin, wani kuma lalacin ne da gaske. Garaji ma ba aljanna ba ce: aparanti kan yi shekaru ba ko dala, ana aikensa sayen shayi, wani wurin har duka. Motocin da ke shigowa yanzu kuma kwamfuta ke tafiyar da su, wanda bai iya karatu ba ba zai taɓa su ba. Don haka ban bar nawa a garaji kawai ba. Na kai shi cibiyar koyon sana'a ya shiga sashen gyaran mota, da yamma ya koma wurin tsohon. Ranar da na je rubuta sunansa na haɗu da wani abokin aiki a ƙofa, ya tambaye ni me na zo yi. Na ji bakina yana shirin cewa ɗan maƙwabci na rako.

Injin ya tashi a watan Afrilun 2024, bayan sallar azumi da kwana kaɗan, da hayaƙi baƙi da ƙara har maƙwabta suka leƙo ta katanga. Takardu suka ci wani wata biyun, don katin motar da sunan Baba yake. Tafiyar farko Inna ta zaɓa: Tibiri, wurin dangin mijinta. Ni ke tuƙi, da giyar nan ta jikin sitiyari da hannuna ya manta, Inna a gefena, yaron a baya da akwatin kayan aiki. Ba ta ce komai ba tun daga Dutsi, tana dai shafa gaban motar da tafin hannu.

Mun wuce Kore Mairuwa kaɗan, mun bar babbar hanya, motar ta yi tari sau biyu ta mutu. Na fito na buɗe gaba na tsaya ina kallon injin kamar mai karanta wasiƙa da harshen da bai sani ba. Yaron ya diro, ya duba wuta a buji, ya ce wuta na zuwa. Ya zare bututun mai, ya ce mai ma na zuwa, to datti ne daga tanki ya toshe ƙaramin ramin da ke cikin karbirato. Ya shimfiɗa tsumma a kan murfin taya don kada ƙusa ta faɗa rairayi, ya miƙo hannu baya ba tare da ya juyo ba.

"Baba, ba ni kile goma."

Na tona akwatin na miƙa masa. Ya duba, ya maido mini.

"Wannan sha biyu ce, Baba. Lambar na jiki."