Wasiƙa daga Ingila: Matsafina Ya Kai Mataki na Biyar

Mu nan sai sanyi, ga dare mai tsawo, kafin ƙarfe huɗu na yamma an yi magariba.

Yaya, wannan wasiƙar taka ce. Ranar Lahadi da na ce maka ina cikin tunanin wane tsafi zan zaɓa, sai na ji ka yi shiru, can ka ce, "Karatu aka tura ka ko bokanci?" Kafin in yi bayani kati ya ƙare. Don Allah kada maganar ta kai kunnen Inna a haka.

Wasa ne. Sunansa Dungeons & Dragons, wasu Amurkawa biyu, Gary Gygax da Dave Arneson, suka fito da shi a 1974. Ba turare, ba surkulle, ba abin da ake karantawa. Tebur ne da takarda da fensir, sai dayis irin na lido, amma wani fuskarsa ashirin. Mutum ɗaya ke jan labari kamar mai tatsuniya, sauran kowa ya ɗauki jarumi ɗaya ya riƙa faɗin abin da jaruminsa zai yi, dayis ya yanke ko ya yi nasara. Ka ɗauka ana karanta Iliya Ɗan Maiƙarfi, sai aka ce kai ne Iliya. Ni ma na yi jim kafin in karɓi matsafi, amma dai shi kaɗai ya rage ba mai shi, kuma da na duba sai na ga duk tsafin nasa lissafi ne a takarda.

Mu biyar ne, duk ɗaliban digiri na uku, duk daren Alhamis. A mashaya suke yi a da. Da na ce ba na shiga, ba wanda ya tambaye ni dalili, sai suka dawo da wasan ɗakin shan shayi na sashenmu. In na tashi yin sallar isha'i su dakata su jira. A mako guda cur, nan ne kaɗai wurin da in ban zo ba za a buga waya a ji ko lafiya. Shi ya sa abin da kuke gani shirme ni yake hana ni barci.

Ga matsalar. A wasan akwai masu siddabaru iri-iri. Wani malami ne mai kundi, kullum yana ƙara rubuta sabo, da safe ya zaɓi wanda zai fita da shi. Nawa ba shi da kundi, a jininsa abin yake, don haka kaɗan ya sani. A dokokin 2014 da muke bi, da 2 yake farawa, ko ya kai mataki na 20 ba zai wuce 15 ba. Sabon bugun 2024 ya ɗaga su zuwa 22, amma mai jan labarinmu ya rantse ba zai sake sayen littafi ba. In ka hau sabon mataki ne kawai ake ba ka damar musanya guda ɗaya. Wanda ka zaɓa, da shi za ka zauna wata da watanni.

Makon jiya na hau mataki na biyar. Ina da guda biyar: Garkuwa, Kibiyoyi Uku da ba sa kuskure, Taku Cikin Hazo da ke ɗauke ni ƙafa 30 in an rutsa ni, Saukar Gashin Tsuntsu, sai Barci. Sunayen ni na raɗa musu. Yanzu zan ƙara na shida.

Kowa ya san abin da ake ɗauka a nan: Fireball, dunƙulen wuta. Dayis takwas ake jefawa, a tsaka-tsaki ɓarnar ta kai 28, kuma ta cinye duk wanda ke cikin ƙafa 20 daga inda ta faɗa. Ran matsafina gaba ɗaya 27 ne, wato da zan tsaya a ciki ni ma sai buzuna. Wutar ba ta san aboki ba. Jarumin wani ɗan Indiya da ke cikinmu kuwa kullum yana tsakiyar maƙiya da gatarinsa.

Ɗayan shi ne Hanzari. Ba ya kashe kowa. Abokinka kake yi wa, gudunsa ya ninka, ya sami ƙarin sara ɗaya a kowane zagaye. Ni kuma ina da wata dabara ta tagwaita siddabaru, in kashe maki 3 cikin 5 da nake da su in yi wa mutum biyu a lokaci guda. Wuta ba ta tagwaituwa. Illarsa, dole in tsare hankalina a kai. In aka make ni hankalin ya watse, su biyun su sandare zagaye guda a gaban maƙiya. Kuma in an ci yaƙin, su za a tafa wa. Na ɗauki Hanzari. Ban ce raina bai so tafin ba.

Saura musanya, kuma nan ne na maƙale. Zan iya samun wutar ma, in na yarda na jefar da ɗaya daga cikin tsofaffin. Garkuwa da Taku ba a taɓa su. Kibiyoyi su ne abincin yau da kullum. Gashin Tsuntsu ban taɓa amfani da shi ba ko sau ɗaya cikin wata huɗu, amma yana tare mutum biyar in suna faɗowa daga sama, mai jan labarin kuma ya fara zancen wata hasumiya yana murmushi.

A lissafi Barci ne ya kamata ya tafi. Ƙarfinsa bai fi 22 ko 23 ba a tsaka-tsaki, dodannin da muke gamuwa da su yanzu ko hamma ba za su yi ba. Sai dai a darena na farko, lokacin ko sunana ba su iya faɗa ba, ni ma ban san wane dayis zan ɗauka ba, wasu ƙananan dodanni suka kewaye mu, biyu cikinmu sun faɗi. Na ce a hankali, "In gwada Barci?" Uku suka bingire. Wata 'yar Folan da ke kusa da ni ta buga tebur har shayi ya zube, ranar kuma suka zauna sai da kowa ya iya furta sunana daidai.

Malamata ta ce in cire babi na biyu na kundina, wanda na yi wata bakwai ina rubutawa. Wannan a kwana ɗaya na yarda. Barci kuwa yau kwana biyar ina gogewa da fensir ina mayarwa, har takardar ta kusa hujewa.

Jibi Alhamis. In na rubuta wuta, sai na fara gaya wa mai gatari ya riƙa jira kafin ya ruga.

Yaya, ka gaida Inna, ka ce mata yajin ya iso, an buɗe kwalin a hanya amma ba a taɓa komai ba. A shafa mini kan yara. Sai na ji daga gare ku.