Yadda Na Ɗauki Hoton Agogon Babanmu

Babanmu ya rasu bara, bai bar dukiya ba sai keke da littattafai da agogon hannu guda. Agogon Seiko 5 ne, irin wanda aka fara yi a Japan cikin 1963. Ba ya cin batir, motsin hannun mai shi ke tafiyar da shi. Da aka yi rabo sai ya faɗa wa Yayana, wanda ke zaune a Katagum, tsohon garin nan da aka ɗauke sarauta daga cikinsa aka kawo Azare a 1916. Ban yi gardama ba, gama shi ne babba. Na dai roƙe shi ya bar mini agogon mako guda in ɗauki hotonsa.

Da fari na zaci aikin minti biyu ne. Ashe ba haka ba! Na kunna fitilar wayata na ɗauka, sai ga wani farin tabo ya rufe lambobin duka. Na fita tsakar gida da rana tsaka, abin ya ƙara muni, ƙarfen sai walƙiya yake yi. Na matso da wayar har ta kusa taɓa gilashin, hoton ya fito dishi-dishi, ga kuma hancina a ciki.

A daren nan na tuna da abin da malaminmu na makarantar Mishan ya koya mana, wanda ni ma na koya wa yara lokacin gwajin koyarwa ban san amfaninsa ba: yadda haske ya sauka kan madubi, haka yake tashi ta ɗaya gefen. To, gilashin agogo ai madubi ne. Watau in fitila tana jikin abin ɗaukar hoto, tilas haskenta ya komo cikin idonsa.

Na ajiye agogon kwana biyu har ya tsaya, domin hannun daƙiƙa kada ya ɓata mini hoto. Na juya hannuwansa zuwa ƙarfe 10 da minti 10, kamar yadda masu talla ke yi don sunan ya fito sarai. Da sassafe na rataya farin mayafin Inna a taga, hasken ya yi laushi. Na kafa farar takarda ta ɗaya gefen ta mayar da haske wajen inuwa. Sa'an nan na huda baƙin kwali, na sa idon wayar a ramin, na ɗora ta bisa littattafai kamar taƙi guda daga agogon, na jawo hoton ninki biyu. Ƙurar hunturu kuwa ta ba ni wuya ƙwarai, sau uku ina gogewa.

Fuskar ta fito tsaf. Amma da na kifa shi, haske ya bi ta gefe, sai na ga wasu haruffa biyu da aka karta da ƙusa a bayansa, waɗanda ban taɓa lura da su ba. Farkon sunan Baba ne da na Inna. Na kai mata ta duba, ta daɗe ba ta ce kome ba, sa'an nan ta ce, "Shekarar da aka ɗaura mana aure ya yi wannan."

Ran Asabar na shiga mota na kai wa Yaya agogonsa. Ya girgiza shi, ya kara a kunne, ya ɗaura.