Kuɗin Jinya da Kunyar Ɗan Fari

'Yan'uwana mata, yau labarin yayata zan ba ku. Tana aure a birnin Manchesta na ƙasar Ingila, yau shekara 9 ke nan, har ita da maigidanta sun sami takardar zama ta dindindin. A hutun makaranta na watan Yuli 2024 na je mata ziyara, ban daɗe da kama aikin koyarwa ba.

Ɗanta na fari shekararsa 5 a lokacin. Ya sha wahala wajen haihuwa, abin ya taɓa ƙwaƙwalwa, gaɓoɓinsa suka sandare. Ba ya zama sai da matashi, ba ya cin abinci sai an dama an ba shi da cokali, da dare kuma sai an tashi an juya shi sau biyu ko uku. A gida da kaka ta karɓa, da inna ta karɓa, da 'yar maƙwabta ta goya. Can kuwa kowa ya rufe ƙofarsa. Maigida ya fita tun da asuba, Yaya ita kaɗai har magariba. Na iske ta rame, amma ko sau ɗaya ban ji ta ce ta gaji ba.

Wata maƙwabciyarta ce, mutuniyar Somaliya, ta tambaye ni a bakin ƙofa ko Yaya tana karɓar kuɗin yaron. Na ce wane kuɗi? Ta riƙe baki.

Ashe kuɗin iri biyu ne. Na farko na yaron ne, ana kiransa DLA, ana ba yaron da bai kai shekara 16 ba idan yana bukatar kulawa fiye da tsararsa, kuma ba a duba albashin uba. Na biyu na mai jinya ne, sunansa Carer's Allowance, ana ba wadda take kula da majinyaci aƙalla awa 35 a mako, in dai an sa yaron a matakin tsakiya ko na sama na kuɗin kulawa. A shekarar nan fam 81.90 ne kowane mako. Amma ban da mai bizar karatu ko ta ziyara, don yawancin irin waɗannan an rubuta musu ba su da rabo a kuɗin gwamnati.

Na kai wa Yaya magana, sai ta ce, "Ke yarinya, ɗan da na haifa zan je in ce a biya ni ladan renonsa? Mu ba mabarata ba ne." Na ce, "Yaya, ai harajin da maigidanki yake biya kowane wata, cikinsa ake fid da shi." Ta yi shiru. Kwana uku muna kai da komo kafin ta yarda na buga waya.

To ga inda za ku natsu. Kuɗin yaron ba a biyan na baya. Lissafi yana farawa ne daga ranar da aka buga waya aka nemi takardar cikewa, muddin an mayar da ita cikin mako 6. Watau duk shekarun da Yaya ta yi tana tashin dare kafin wannan waya, sun tafi, ko kwabo ba za a ba ta a kansu ba. Da na lissafa a bayan littafi sai na yage takardar, ban nuna mata ba.

Takardar ta fi shafi 30, kuma nan ne aka yi ta. Kun san kunyar ɗan fari: Yaya ko sunan yaron ba ta faɗa, sai dai ta ce "wannan" ko "yaron nan". Ga takarda tana tambaya minti nawa ake yi wajen yi masa wanka, sau nawa yake ɓata shimfiɗa. Duk abin da na tambaye ta sai ta ce, "Da sauƙi, alhamdu lillahi." Ni kuma, da wautata, na rubuta kusan yadda ta faɗa. A kwalejin horon malamai an koya mini rubuta rahoton ɗalibi da fara ambaton abin yabo, sai na yi haka nan.

Na dawo gida a Satumba. A Oktoba amsa ta zo, an sa shi a matakin ƙasa, wanda ba ya buɗe ƙofar kuɗin mai jinya. Laifin namu ne da rabi, don ma'aikacin da bai taɓa ganin yaron ba abin da ke kan takarda kaɗai ya sani. Doka ta ba da wata ɗaya a nemi a sake dubawa. Na roƙi Yaya ta ajiye littafi kusa da gado, kwana 7 tana rubuta kowace tashi da ƙarfe nawa, ba addu'a ba godiya, lissafi zalla. Da ta karanta mini ta waya, ta kai daren Laraba, inda ta tashi sau 5, sai muryarta ta tsaya. Ina jin ita kanta ran nan ta fara sanin yawan aikin da take yi.

A Janairu 2025 aka mai da shi matakin tsakiya, tun daga ranar wayar Yuli. Kuɗin mai jinya kuwa a bisa al'ada wata 3 kaɗai ake komawa baya. Amma idan an nema cikin wata 3 daga ranar da aka yanke na yaron, sai a koma har ranar da nasa ya fara. Mutane da yawa nan suke yin sake. Ba mu bari mako ya zagayo ba. Aka biya ta na mako 26 a dunƙule, fam 2,129.40, ban da cikon na yaron.

Wani abin da na karanta daga baya ya ba ni mamaki. Sa'ad da aka soma wannan kuɗi a 1976, matar aure da ke zaune da mijinta ba ta cikin masu samu, wai jinya ai aikinta ne dama. Sai da wata mata, Jacqueline Drake, wadda ta bar aiki don jinyar uwarta, ta kai ƙara har Kotun Turai ta yi nasara a 1986. Ashe Turawa ma sun daɗe suna tunani irin na Yaya.

Na tambaye ta abin da ta yi da kuɗin. Ta ce ta sayi kujerar wanka mai madauri, don bayanta ya fara ciwo wajen ɗaga shi, ta kuma ɗauki wata mata da ke zuwa ran Asabar ta zauna da shi awa 3. Na ce, "To me kike yi a awa ukun, Yaya?" Ta yi dariya ta ce, "Barci."