Likitan da Ya Bar Mata Su Durƙusa

Saƙon rasuwarsa ya riske ni ina tsakiyar rubuta bayanan da na tattaro daga bakin ungozomomin ƙasar Kurfi. Na ajiye alƙalami na yi salati, sannan na lura cewa kalmar da na tsaya a kanta ita ce “gwiwa”. Idan mace tana naƙuda, Bahaushe cewa yake tana kan gwiwa, in ta haihu kuma a ce ta sauka. Harshen da kansa ya adana yadda iyayenmu suka haife mu, wato a durƙushe. Cikin likitocin da na sani, babu wanda ya girmama wannan kalma kamar marigayin.

Ina ’yar sakandare yayata ta dawo gida goyon ciki. Kwana da yini tana fama, kunyar ɗan fari ta hana ta ko nishi mai ƙarfi. An ba ta rubutu, an jiƙa mata saiwoyi, shiru. Inna ba ta ƙaunar asibiti, domin a wurinta abu biyu yake nufi: tsawa da wuƙa. Da ƙyar Baba ya shawo kanta muka kama hanyar Dutsin-Ma bayan sallar isha’i, har da tsohuwar da ta yanke mana cibi duka.

Na zaci daga bakin ƙofa za a kori tsohuwar. Sai Likita ya rusuna ya gaishe ta, ya ce, “Iya, ke kika fara ganinta. Me kika gani?” Ta zayyana masa. Ina laɓe bayan labule ya saurari bugun zuciyar jaririn, ya duba, sannan ya ce wa Yaya, “Ɗiyata, kan ya sauko daidai. In kwanciya na wahal da ke, durƙusa yadda mahaifiyarki ta yi. Ina nan.” Ya sa aka shimfiɗa leda da zane mai tsabta a ƙasa. Kafin kiran assalatu ta sauka, namiji, ba a taɓa ta da wuƙa ba.

Daga baya na ci karo da Turawan da suka yi irin wannan fafutuka. Grantly Dick-Read na Ingila tun 1933 ya rubuta cewa tsoro ne ke ɗaure jikin mai naƙuda ya ƙara mata zafi. Michel Odent na Faransa kuwa, a asibitin Pithiviers, ya bar mata su zaɓi yanayin da ya fi musu sauƙi. Abin da suka sha wahalar maidowa Turai yana nan a tsakar gidajenmu, muna neman yasar da shi da sunan wayewa.

Sai dai zan ci amanarsa idan na nuna kamar ido rufe yake bin al’ada. Ya yaƙi yankan gishiri da dukkan ƙarfinsa. Yakan bayyana wa tsofaffi cewa in naƙuda ta yi tsawo, kan jariri na danne mafitsara a jikin ƙashi har nama ya mutu, daga nan sai yoyon fitsari. Yakan ce duk mai shakka ta je Babbar Ruga a Katsina, inda Dakta Kees Waaldijk ɗan ƙasar Holan ya fara ɗinke irin waɗannan mata tun 1984. Sharaɗinsa da ungozomomi ɗaya ne: kada rana ta faɗi sau biyu a kan mai naƙuda tana gida.

Cikin Yaya na biyu a gicciye ya zo. Likita ya ce wannan karon sai aiki. Muka dubi Inna muna jiran gardama, sai ga shi ita ce ta fara cewa, “A yi, Likita. Da akwai wata hanya, da ka faɗa.” A ranar na fahimci abin da ya daɗe yana ginawa. Wanda ya ƙi yanka ba bisa dalili ba, shi ake yarda da shi ranar da ya ce a yanka.

Da na kai wa wata tsohuwar ungozoma labarin rasuwarsa, ta daɗe ba ta tanka ba, sannan ta ce shi kaɗai ne mai farar riga da ya taɓa tambayarta abin da ta gani. Na rubuta maganar a littafina, ƙarƙashin kalmar “gwiwa”. Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya huta.