Ƴar Tsakuwar Da Ba Ta Fitowa

 

Ƴan ajinmu sun san ni, ni ce wadda in Malam ya ce "tashi ki biya" sai murya ta maƙale mini a wuya. A gida ina kawo hadda ba gargada, a gaban mutane kuwa sai gumi. Shi ya sa da aka ce kowa ya rubuta wani abu a littafin bana, na ce ni labarin kaza zan bayar.

Bara da hunturu Kawu ya dawo daga Kwatano da wani kwali mai huda-huda. Muka buɗe, sai ga ƴan tsaki uku farare, gashinsu kamar audugar da aka shiɓe. Ya ce ana kiran irinsu silki, asalinsu daga ƙasar Sin. Inna ta ɗauki ɗaya ta juya, ta ce, "Ikon Allah! Wannan ai fatarta baƙa ce." Haka suke, fata baƙa, ƙashi ma baƙi, yatsu biyar a kowace ƙafa, alhali kajinmu na gida huɗu gare su. Ko sun girma ba su iya tashi sama. Duk yawon da nake yi a babbar kasuwarmu ta Malanbil, inda kaji da zabi ke zuwa daga ƙauyuka har da tsallaken Kwara wajen Gaya, ban taɓa ganin irinsu ba. Kawu ya ce, "Naki ne, amma in sun mutu ke za ki ba ni amsa."

Biyu ba su da matsala, da an watsa tsaki sun rugo. Ta ukun kuwa kullum tana kusurwa bayan tulu. In na miƙa hannu sai ta ƙanƙame jiki tana kyarma. Sai sauran sun ƙoshi take fitowa, lokacin babu abin da ya rage sai dusa. Cikin mako biyu ƴan uwanta sun fi ta girma a fili.

Na yi fushi da ita, wallahi. Na riƙa cafko ta ina ajiye ta gaban abinci, ita kuma tana ƙara gudu. Rannan Inna ta gan ni ta ce, "Ɗiyata, mi kike yi haka? Duk abin da ya zo wa ɗan tsako daga sama, shirwa ce a wurinsa. Zauna ƙasa, sa hannunki ƙasa, ki yi shiru." Ta kuma nuna mini tukkun da ya fara tsiro mata a ka, ta ce in ya cika yana rufe musu ido, ba su ganin abu sai ya iso kansu, dole su riƙa firgita.

Na bi maganar Inna. Kullum bayan Asuba, kafin in tafi makaranta, sai in zauna bisa tabarma da tsakin gero a tafin hannu. Don kada zaman ya tafi a banza nake biya haddata a hankali. Kwana huɗu ba ta motsa ba. Rana ta biyar ta fito, ta tsaya nesa tana kallo. Sai da muka yi kwana goma sha ɗaya sannan na ji bakinta a tafina. Ban motsa ba, ban ma daina karatu ba, amma hawaye sun zubo mini.

Ba duka suka rayu ba. Da damina ta faɗi, ruwa ya kama mafi ƙarfin halin cikinsu a waje. Gashin silki ba ya tare ruwa kamar na sauran kaji, jiƙewa yake yi har fata. Na same ta sharkaf, na goge ta, na kai ta kusa da murhu, amma ba ta kai safiya ba. Laifina ne, ni na manta ban rufe akurki ba. Na gaya wa Kawu da bakina, ina rawar murya. Ya yi shiru, can ya ce, "Tunda kin faɗa da kanki, ya wuce."

Mai tsoron nan fa ita ce yanzu uwa. Irinsu akwai son kwanci, don haka Inna ta sa mata ƙwan zabi shida. Ƙwan kaza kwana 21 yake yi, na zabo kuwa sai ya kai wajen 28, amma ta kwanta ba ta gaji ba, ta ƙyanƙyashe biyar. Har yau in baƙo ya shigo tana ja da baya. Amma ran da kyanwar maƙwabta ta leƙo, ita ce ta buɗe fukafukai ta tsaya gaban ƴaƴanta.

Na ba Malam wannan labari bayan an tashi. Ya ce kunya abu ne mai kyau, tana cikin imani, amma wadda ke hana mutum tambaya ko karatu tsoro ce ta ari sunan kunya. Daga nan ya fara sa ni biyawa gaban ƴan mata biyu kawai, sannan biyar, sannan rabin aji. Watan jiya na biya Suratul Mulk gaban aji duka. Na yi tuntuɓe sau biyu, aka gyara mini, na kai ƙarshe.

Roƙona ga ƴan uwana ɗalibai, akwai ƙanana a ajin farko da ke zama can baya ba su magana. Kada mu yi musu dariya, kada mu ja su gaba da ƙarfi. A zauna kusa da su a biya tare. Iyayenmu kuma, don Allah a ƙara haƙuri da irinmu.