Lissafin "Idan Aka Ci Gaba a Haka"

Yau da ƙwallo zan fara, amma ku daure ku kai ƙarshe.

Waɗanda suka san ni sun san na daɗe ina buga Fantasy na gasar Firimiyar Ingila. Ga wanda bai sani ba, a waya ake yi. Ana ba ka fam miliyan 100 na wasa ka sayi 'yan ƙwallo 15, kada su wuce uku daga ƙungiya ɗaya. Abin da suka yi a fili shi ne makinka, kyaftin ɗinka kuma makinsa ninki biyu. Muna da rukuninmu na abokai daga Anka, Gummi da Bukkuyum. Ba kuɗi a ciki, wanda ya zo na ƙarshe dai shi ke sayen tsire.

Ni ne mai littafi a cikinsu. Duk mako nakan rubuta ƙwallayen ɗan wasa, in raba da wasannin da ya buga, in ninka sau 38, in ce ga inda zai kai idan aka ci gaba a haka.

A 2022 Haaland ya ci 14 a wasa takwas na farko. Littafina ya ce zai kai 66. Ya ƙare da 36. Tarihi ya kafa, amma da kaɗan ya wuce rabin hasashena. Ban ɗauki darasi ba. A 2024 ya ci 10 a wasa biyar, lissafi ya ba ni 76. Kuɗinsa a wasan fam miliyan 15 ne, don haka na sayar da Salah don in samu in saye shi. Haaland ya ƙare da 22. Salah ya ci 29, ya bayar an ci 18, ya tara maki 344 da ba a taɓa tarawa ba. Ni na sayi tsire a shekarar.

Lissafin bai yi ƙarya ba, ni ne ban tambayi dalili ba. Uku daga cikin goman nan a ragar Ipswich ya zuba su, ƙungiyar da ta hauro a lokacin. A wasa na biyar ɗin, da Arsenal, Rodri ya ji rauni, Manchester City ta rikice. Duk wannan babu shi a littafina.

To ga abin da ya sa na kawo zancen. Farkon daminar bana ƙanena ya kira ni daga Tungar Daji. Ya ce: "Yaya, wata biyu ke nan ba mu ji ƙarar bindiga ba. Kowa ya koma gonar daji, mu kaɗai munka rage. Ka ciyo mana bashi kan albashinka mu sayi taki."

Wallahi har na ɗauko biro. Taki buhu kaza, dawa da waken suya buhu kaza, in biya bashi kafin sabuwar shekara. Ina cikin ninkawa sai na ga ai irin lissafin Haaland nake yi. Wata biyu na gani, na shimfiɗa shi har kaka. Kuma duk ɗan yankin nan ya san shirun lokacin shuka ba ya nufin shirun lokacin girbi. Sau nawa aka bar mutane suka noma, da amfani ya nuna aka aza musu haraji kafin su kwashe?

Na ce masa rabi zan iya, kuma a gonar bayan gari za a sa. Ransa ya ɓaci. Ya ce: "Kai ƙarshen wata kake jira, mu ruwa muke jira. Wanda bai shuka ba mi zai ci?" Ban da amsa, don gaskiya ya faɗa. Gonar bayan gari ba ta ciyar da gidanmu shekara. A Fantasy in ka yi kuskure akwai damar da za ka canza 'yan wasanka gaba ɗaya ba a cire maka maki ba. Damina in ta wuce sai baɗi.

Har yanzu gaisuwarmu a taƙaice take. Wataƙila kaka ta zo lafiya, ya zama na cuce shi. Na fi son hakan, in ba shi haƙuri.

Roƙona ga masu rubutu a nan Facebook: in an yi sati biyu shiru, kada mu yi saurin rubuta "tsaro ya dawo". Akwai mai karantawa ya ɗauki iyalinsa ya shiga daji. Mu faɗi abin da ya canza tukuna. An girke jami'ai ne? Za su zauna har girbi? Ko sulhu ne na ɗan lokaci?

Manoman cikinmu, ya kuka yi da gonakinku na nesa bana? Ina son in ji.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya sa mu girbe cikin aminci.