Abin da Wani Mawaƙin Fotugal Ya Koya Mini

'Yan'uwana ɗalibai, ba zan ɓoye muku ba, shekara uku na yi ina rubuta waƙoƙi da Turanci, na Hausa kuwa ina tura su ƙarƙashin akwati don kada wani ya gani. A ganina a lokacin, Hausa ta dace da kirari da wa'azi, amma ba za ta iya ɗaukar damuwar saurayin birni na wannan zamani ba. Wanda ya raba ni da wannan tunani, abin mamaki, wani mawaƙin ƙasar Fotugal ne, mutumin da ko kalma goma ban sani ba cikin harshensa.

Wata rana da dare a ɗakin kwananmu, wani abokina da ya taɓa zama a can ya kunna mini waƙar Chico Fininho ta Rui Veloso, sa'an nan ya ba ni labarinsa. An haifi Veloso a Lisbon cikin 1957, amma a birnin Porto ya girma. Tun yana yaro ya kamu da son kiɗan bulus na baƙaƙen fatar Amurka, ya koyi busa hamonika da kaɗa jita. Cikin 1976 ya haɗu da Carlos Tê, wanda ya zama mai tsara masa baitoci. To, da Turanci suka fara, domin samarin wancan lokaci da yawa sun ɗauka kiɗan rok ba ya shiga da harshen Fotugal. Da na ji haka sai na gyara zama, don kuwa ciwona ke nan aka taɓo.

Cikin 1979 mahaifiyarsa ta ɗauki kaset ɗinsa ta kai wa kamfanin faifai na Valentim de Carvalho. Yawancin waƙoƙin ciki na Turanci ne, amma ta harshen gida ce ta ja hankalin mutanen kamfanin, suka nemi a ƙaro irinta. Haka aka yi faifan Ar de Rock ya fito cikin 1980, shekara shida bayan juyin da ya kawar da mulkin kama-karya a ƙasar. Waƙar Chico Fininho ba ta yabon kowa ba ce, labarin wani ɗan tasha ne mai shaye-shaye a titunan Porto, da irin maganar 'yan titin. Samari suka ji kansu a ciki, mawaƙa da yawa suka bi sahu, har aka laƙaba wa Veloso sunan uban rok na Fotugal. Daɗin daɗawa, cikin 1990 ya hau dandali tare da B.B. King, gwanin da ya taso yana kwaikwayo.

Na kwana ina juya wannan magana. Veloso bai ƙi aro ba, kiɗansa ma na aro ne, amma harshen da ya ɗora a kai nasa ne. Ni kuwa har harshen na aro, alhali masu iya magana sun ce zanen aro ba ya rufe katara.

Da gari ya waye na jawo akwatin nan. Waƙoƙin ba su kai yadda nake so ba, wasu ma sun ba ni kunya. Duk da haka, in Allah ya kai mu taron ƙungiya mai zuwa, zan tashi in karanta ɗaya a gabanku. Wanda ya ga gyara, don Allah ya gyara mini.